Dalma a Gwiwar Agali

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin famfo, wai aikin Baba Lawali ai yawo ne: a ɗaure akwatin ƙanƙara bayan moto mai ƙafa biyu, a sha iska, a soki yatsan mutum, a dawo gida. Ban ji haushi ba. Amma tun da wurina aka turo ku staj, wato koyon aiki, kuma cikinku ne za a sami wanda zai karɓe ni, ku gyara zama in faɗa muku yadda aikin yake.

Mutum na farko da na gani da gubar dalma a jikinsa wani manomi ne daga wajen Kona. Lokacin ina sabon infirmiye, wato ma'aikacin jinya, a ƙarƙashin Manjo Shaibu, wanda ke riƙe da gidan likitarmu, Allah ya jiƙansa. Mutumin ya daɗe yana zarya da ciwon ciki. Murɗa ce mai tsanani, ga ciki ya ɗaure, ga kasala, cikin idonsa fari fat. An ba shi maganin tsutsa, an ba shi na gyambon ciki, an auna masassara ba a samu ba. Ranar da ya sake dawowa, Manjo ya ce ya buɗe baki. Bai dubi harshe ba, leɓe ya ɗaga. Sai ya ce, "Lawali, zo ka gani." A gindin haƙora, daidai inda suka haɗu da dasashi, ga wani siririn layi mai duhu kamar an ja shi da kwalli.

Manjo ya ce, "Malam, an taɓa harbinka?"

Mutumin ya dubi ƙofa kafin ya amsa. "Wannan ai tsohon zance ne, Manjo. Tun ina saurayi, wurin farauta. Ya warke tuni."

"Bakin ramin ya warke. Abin da ya shiga fa, ya fito?"

Ya sassauta wando ya nuna mana ƙugunsa. Tabo ne ƙanana barkatai kamar zanen ƙyanda. A ranar Manjo ya koya mini abin da na rayu a kansa har yau. Bindigar baushe da maharbanmu ke ɗurawa ba harsashi guda take fitarwa ba, ƙwayoyin dalma ne take watsawa. In sun zauna cikin tsoka, sau da yawa jiki yana naɗe su, mutum ya tsufa da su lafiya lau. Amma in sun faɗa cikin gaɓa, ko sun farfashe a jikin ƙashi, to ruwan gaɓar yana cin su a hankali, dalmar tana bin jini. Shekaru sai su wuce kafin ciwo ya bayyana, kuma in ya bayyana ba a wurin tabon yake bayyana ba. A ciki yake fita, da jini, da hannu, da kai. Shi ya sa mai shi ba ya haɗa wannan da wancan, kai ma in ba ka tambaya ba ba ka haɗawa.

A zamanin can ido da tambaya ne kawai kayan aikinmu. Na'urar awo daga baya ta zo, lokacin da aka fara maganar gubar dalma a garuruwan masu haƙar zinariya, wani poroje, wato shirin agaji, ya kawo ta don auna yara. Manjo ne ya roƙa a bar mu mu riƙa auna masu tsohon harbi da ita, aka yarda. Da ƙarfinsa ya ƙare, aikin ya dawo hannuna, daga ƙauyukan Tasawa har na Mayahi.

Ku sani masu ciwon nan ba su zuwa da ƙafarsu su ce ga ni. Nemo su ake yi. Na zauna da wanzamai, don su ne ke ganin bayan mutum tsirara in suna ƙaho. Na zauna da maɗora, don duk wanda aka harba a daji wurinsu ake fara kai shi. Sarkin maharba na Urafane sai da na yi ta gaishe shi kasuwa bayan kasuwa, ban ce komai ba, kafin ran nan ya ce da ni, "To ɗan likita, mi kake so ne?" 'Yan kabu-kabu ma sun san wanda suka taɓa ɗauka yana jini. In an nuna maka mutum, ka tambaye shi inda abin ya shiga, da daɗewarsa, da irin bindigar. Kada ka tambayi wanda ya harba. Sabon rauni yana da dokarsa, in an kawo shi gidan likita akwai waɗanda dole a sanar. Namu tsohon rauni ne, kuma abin da muke aikawa sama yawan mutane ne da yankunansu da yadda jininsu yake, don a san inda abin ya fi yawa. Shari'a tana da masu ita.

Akwai wani maƙeri a Urafane da ya sa ba ni fita ba sabulu a jaka. Shi ke narka dalmar tsofaffin batura yana zuba wa maharba ƙwaya. Manjo ya kai ni wurinsa da gangan, ya ce in auna shi yadda yake, hannu baƙi ƙirin. Awo ya yi sama sosai. Ya ce a kawo ruwa da sabulu, na wanke yatsan, na ɗauraye, na bar shi ya bushe a iska ba a goge da riga ba. Da muka sake, awon ya sauko, ko da yake bai sauko inda ake so ba. Manjo ya ce, "Na farko ƙurar maƙera ka auna, na biyu ne mutum." Ita kanta na'urar, da kuke gani kamar rediyon hannu, ba ta son zafi. In rana ta take sai ta ƙi aiki, don haka da hantsi ake awo, a cikin ɗakin ƙasa ko gindin itace mai duhu. Tsinkayen awonta, waɗanda ake ɗiga jini a kai, suna da ranar mutuwa, ka duba kafin ka bar gari, ba sai ka tara mutane ba. Kuma duk abin da ta faɗa, in ya yi sama, sai ka ɗebi jinin jijiya a kwalba mai shuɗin murfi, ka sa a ƙanƙara, a kai labo, ɗakin gwajin jini, a Maraɗi a tabbatar. Ba a yanka mutum a kan maganar yatsa.

Yanzu bari in ba ku labarin Agali, don a kansa na ga iyakar aikin nan.

Ranar kasuwar Gidan Amumune ce. Na kafa teburina gefen masu sayar da igiya, sai wata mata mai tallan cuku ta tsaya nesa kaɗan, ta jira har mutane suka ragu. Ta ce sunanta Fatimata, tana neman maganin hannun da ya mutu. Na ce hannun wa? Ta ce na maigidanta, Agali. Makiyayi ne, kakanninsa daga Azbin suka gangaro, suna zaune arewa da gari da raƙuma da awaki. Ta ce hannunsa na dama ya saki daga wuya, guga ba ya jawuwa, tatsa ba ta yiwuwa, kuma kullum yana riƙe da ciki. Na ce, "Baiwar Allah, akwai wani tsohon rauni a jikinsa?" Ta gyara faifan da ke kan ƙwaryarta, ta ce, "Ka zo ka gani da idonka."

Washegari da hantsi na isa. Na tarar da dogon mutum zaune a kan tabarma, ƙafar hagu a miƙe, gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu. Ya karɓe ni da mutunci, amma a fili yake ba shi ya kira ni ba. Na ce ya miƙa hannuwa gaba, ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da jaki. Na hagu ya tashi da ƙyar. Na dama ya tsaya a rataye.

Matsalar farko baki ce. Mutum ne mai rawani, amawali ya rufe har hanci, kuma ga wani saurayi tsaye a gefe, ƙanen matarsa, ana ce masa Alhasan. Irin su Agali ba su buɗe baki gaban baƙo, balle gaban dangin mata. In ka ce masa sauke a nan, ka gama da shi. Sai na ce ina so ya raka ni bayan bukka in nuna masa wani abu a moto. Ya gane. Da muka ɓace wa idon mutane ya ja amawalin ƙasa da kansa, ya kau da ido. Layin yana nan, ya fi na manomin Kona duhu.

Na wanke yatsa na auna. Na'urar ba ta ba da lamba ba, ta nuna alamar cewa abin ya wuce inda take iya ƙirgawa. Na ɗebi jinin jijiya. Na tambaye shi gwiwar, ya ce ɓarayin dabbobi ne suka zo musu da asuba wasu shekaru da suka wuce, aka bi su, aka same shi. Maɗori ya ɗaure, ya ciro abin da ya iya cirowa da tsinke, sauran ya ce jiki zai cinye.

Na ce, "Jiki yana ci, Malam Agali, shi ne ma ciwon. Sai mun tafi Maraɗi an ɗauki hoton ƙashin. In suna cikin gaɓa, sai an fitar da su."

Ya ce, "Can ne ake yanke ƙafa."

"Can ne kuma ake gyara ta."

"Can kuma ana tambaya."

Na ce ni dai ban tambaye shi komai ba bayan abin da ya faɗa. Daga baya ya ce in bari damina ta wuce, yanzu ba shi da mai riƙe masa dabbobi. Na so in matsa, amma na san in na matsa gobe ba zan tarar da bukkar a wurin ba. Na bar masa maganin ƙarin jini da na sassauta ciki, na gaya wa Fatimata ta riƙa ba shi nono da wake da ganye, kada ya riƙa zama da yunwa. Na faɗa mata gaskiya cewa wannan duk tallafi ne, ba magani ba.

Ashe shekarar da za ta fi kowace wahalar da mu ce ke shigowa. Poroje ya ƙare wa'adinsa, tsinkayen awo suka ƙare tare da shi. Esansi, man moto, ya yi wuya. Ruwa ya sauka da yawa har hanyoyin da na saba bi suka zama taɓo, sau da dama na bar moto a wani ƙauye na ƙarasa a amalanke. Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne, an yi wata arangama da ɓarayin shanu a yankin, jandarmomi suka shiga ƙauyuka suna neman masu sabon rauni, kamar yadda aikinsu ya ce. Ni kuma ban daɗe da wucewa ta waɗannan ƙauyukan ba ina tambayar masu tsohon harbi. Mutane suka haɗa biyun. Magana ta bazu cewa Lawali mai moto shi ke kai sunaye.

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da na sami bakin amsa. Sai dai ka isa gari a kawo maka ruwa, a gaishe ka, ka tambayi wane a ce ya yi tafiya, alhali ga takalminsa a bakin zaure. Wanzaman da ke tare ni da labari suka koma zancen farashin hatsi. Akwai wani saurayi da ya dawo daga haƙar zinariya da harsashi a ƙugu, ina bin jininsa tun kafin damina. Iyayensa suka ɓoye shi. Daga baya na ji ya yi ta farfaɗiya ya rasu. Ba zan rantse muku dalma ce ta kashe shi ba, don ba mu auna ba. Amma na san inda awonsa na ƙarshe ya tsaya.

Cikin wannan hali sakamakon jinin Agali ya dawo daga labo, ya tabbatar da abin da na'ura ta nuna. Na nufi inda suke, na tarar da toka da kashin raƙumi. Sun tashi. Na bi rijiyoyi ina tambaya. Makiyayan da muka sha fura tare suka ce ba su san mai wannan suna ba.

Abin da na yi a lokacin, ku riƙe shi, don irin wannan shekara za ta zo muku. Ban daina zagaye ba. Ba awo, ba tambayar harbi, amma ranar kasuwa ina wurina. In wanke gyambo, in auna tansiyo, wato hawan jini, in duba yaro mai masassara. Na je wurin limamai da masu gari na ce musu ga abin da nake aikawa sama, ga abin da ba ni aikawa, duk mai so ya zo ya gani. Sarkin maharban Urafane ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ni na yarda da kai. Amma yardata ba ta shiga cikin kowa." Gaskiya ya faɗa.

Bayan an sare hatsi, ran nan ina gidan likita sai na ga saurayi tsaye a gindin itacen bedi, rawani ya rufe fuska, tun safe bai shigo ba bai tafi ba. Da layi ya ƙare na fita na same shi. Alhasan ne, ƙanen Fatimata. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ya ce, "Malam Lawali, ni ne na harbe shi."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Ina yake?"

"Ka bari in faɗa. Ɓarayin nake nufi, shi kuwa yana gabana, raƙuminsa ya karkata. Tun ranar ya ce duk wanda ya ambaci sunana ba shi ba shi. Saboda ni ya ƙi Maraɗi. Saboda ni muka tashi. Yanzu ba ya tsayuwa, wani lokaci ba ya gane 'ya'yansa, yana yi wa mutane faɗa ba dalili."

In kun ji an ce mai dalma ya fara rikicewa, ku ajiye duk abin da ke hannunku. Na gaya wa abokan aiki inda za ni, na roƙi a tanadi motar ɗaukar marasa lafiya ta jira mu inda hanya ta ƙare, na goya Alhasan a baya muka kama arewa.

Mun same shi kwance, ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Hankalinsa yana nan a lokacin. Da ya ga ni tare da Alhasan, ya gane abin da ya faru, ya juya fuska ga bango.

Alhasan ya durƙusa ya ce, "Yaya, in tsoron tambaya ne, ni zan je wurin mai gari da hukuma in faɗa da bakina. In na faɗa, ba sauran abin ɓoyewa."

Agali ya ce, "In ka je, ban yafe ba."

Na ce, "Malam Agali, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban iya ɗaure bakin kowa a asibiti. Abin da zan rubuta shi ne abin da na gani: tsohon rauni, dalma a gwiwa, guba a jini. In an tambaye ka, bakinka naka ne. Ƙafa kuma, a sanina ba yanke ta za a yi ba, amma likita ce da ganin hoto, ba ni ba. Abin da na tabbata da shi guda ne. In ka zauna nan, ba ka ganin wata damina da hankalinka."

Fatimata tana bakin bukka duk wannan lokacin. Sai ta shigo ta zauna kusa da ƙafafunsa. A hankali ta yi magana.

Ta ce, "Ka rufa wa ƙanena asiri, na gode, iyayenmu sun gode. Amma dube shi. Tun ranar nan bai ƙara taɓa bindiga ba, bai yi aure ba, bai ci abinci ya ƙoshi ba. In ka mutu a kan tabarmar nan, kana ganin ka cece shi? Sai ya zama wanda ya kashe mijin yayarsa. Ka tashi ka warke, shi ne rufin asirin."

Can Agali ya ce da Alhasan, "Ɗaura wa jaki amalanke."

A babban asibiti wata likita ce matashiya ta karɓe mu, ba ta fi wasunku da yawa ba. Ta ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ta kira ni in gani. Ƙwayoyin sun watsu kamar an zubar da gero. Ta nuna mini na cikin cinya ta ce waɗannan za a bar su, tono su ya fi barinsu ɓarna. Ta nuna na cikin gaɓa, da wani hazo fari da ya kewaye su, ta ce wannan hazon dalma ce da ta riga ta narke ta shafe gaɓar, sai an wanke ta. Ni da na yi shekaru ina aika mutane, ban taɓa sanin ana ganin narkakkiyar a hoto ba sai ranar. Ta ce ba za ta taɓa shi da wuƙa ba sai an fara ba shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, don in an motsa gaɓar yanzu sauran za ta kwararo cikin jini. Maganin ba ya nan a lokacin, ita ta yi ta waya har aka samo shi daga Yamai. An tambayi Agali yadda aka yi, ya ce wurin bin ɓarayi ne, tsautsayi ne, kuma ba shi da ƙara a kan kowa. Aka rubuta haka.

Alhasan ne ya yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi. Na koma bakin aikina na bar su.

Ba ni na kashe jita-jitar nan ba, gwiwar Agali ce. Ranar da ya fara zuwa kasuwar Gidan Amumune bayan an sallame shi, da sanda yake tafiya, amma ƙafafunsa biyu, kuma ga Alhasan a bayansa ba wanda ya kama shi. Ya zauna a bencin da ke gefen teburina har azahar. Bai yi wa kowa jawabi ba. Makiyaya suka riƙa zuwa gaishe shi, suna duban ƙafar, suna duban ni. Kasuwar da ta biyo baya wani wanzami ya tsaya ya ce akwai wani mutum da ya kamata in gani. Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, ba duka ba. Akwai ƙauyen da har yau in na shiga, tsofaffi suna gaishe ni daga nesa. Tsinkayen awo kuma sun dawo ta hannun hukumar lafiya ta yankinmu, ko da yake har gobe sai mun yi tattali.

Kada ku ɗauka in an ciro dalma an gama. Wadda ta daɗe a jini tana shiga ƙashi ta zauna, daga baya ta riƙa fitowa kaɗan kaɗan. Shi ya sa ake bi. Ka auna bayan aiki, ka sake aunawa bayan wani lokaci, ka ga tana sauka ko ta tsaya. In mutum ya karye, ko ya yi doguwar jinya, ko mace ce mai ƙwayar dalma a jiki ta sami ciki, ka koma da wuri, don a irin wannan lokaci ƙashi ke sakin abin da ya ɓoye. Wannan bin shi ne aikin. Sukar yatsa kowa ya iya.

Na je wurin Agali kafin ruwan bana. Ciki ya lafa, jini ya dawo, hankali garau. Gwiwar ba ta lanƙwashewa duka, ba ya ƙara hawa raƙumi sai an durƙusar da shi sosai. Alhasan ya yi aure, bukkarsa tana kusa da tasu. Awon Agali ya sauka nesa, amma bai kai inda zan ce na sallame shi ba. Bayan na gama ya ce sai na sha shayi. Ya hura gawayi, ya ɗora buta. Da ya tashi zubawa, sai ya ɗauke ta da hannun dama. Kun san yadda suke zuba shayi, daga sama ake sako shi cikin ɗan kofi har ya yi kumfa. Hannun ya tashi, yana rawa, wuyan ya riƙe butar da ƙyar. Rabi ya shiga kofi, rabi ya sha ƙasa. Fatimata ta ce, "Sukarin nan ba daga rijiya ake ɗebo shi ba." Ya ce, "Bara duka ƙasa ke sha." Ya sake cika butar.

Awonsa na gaba bayan kaka ne, kuma bayana ba ya ƙara ɗaukar wannan hanya. Ɗayanku ne zai je. Ka isa da hantsi, ka gaishe da Fatimata kafin ka buɗe jaka, kada ka ce ya sauke rawani gaban mutane. In ya ɗauki butar shayi hannun yana rawa, zuciyarka za ta ce ka karɓa masa. Kada ka karɓa. Ka zauna ka dubi wuyan hannun, ka ga nawa ya shiga kofi, ka dawo ka faɗa mini.